Yadda ake karanta kasafin kuɗin gwamnatin tarayya, daga kuɗin shiga zuwa aikin da ke ƙofar gida

Duk ƙarshen shekara shugaban ƙasa yakan je zauren majalisar dokoki ta ƙasa ya ajiye kundin kasafin kuɗi a gaban 'yan majalisa, gidajen rediyo su wuni suna maimaita yawan tiriliyoyin da aka ambata, washegari kuma a teburin mai shayi a kama muhawara kan ko kuɗin sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Wannan jimilla da ake ta cece-kuce a kanta ita ce mafi ƙarancin amfani ga wanda yake son sanin abin da zai iso garinsu, domin kasafi hasashe ne na kuɗin da ake fatan samu, haɗe da izinin kashe su idan sun samu. Wanda ya buɗe kundin ya zarce shafin ayyuka, ya ga an rubuta wa ƙauyensu asibiti ya fara murna, ya yi riga malam masallaci. Karatun da ke da amfani yana farawa ne daga inda kuɗin za su fito, sannan a bi su sannu a hankali har zuwa layin da ya shafi mutum.

Mataki na farko shi ne ka tabbatar da takardar da ke hannunka, saboda kasafin shekara guda yakan fito da fuska uku ko fiye. Akwai tsarin kashe kuɗi na shekaru uku, wanda ake taƙaita sunansa da MTEF, da dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta wajabta a kai wa majalisa kafin kasafin kansa. Akwai ƙudirin da shugaban ƙasa yake gabatarwa bisa sashe na 81 na kundin tsarin mulkin 1999. Sai kuma dokar kasafi, wato abin da majalisun biyu suka amince da shi bayan ministoci da shugabannin hukumomi sun je sun kare kasonsu a gaban kwamitoci, shugaban ƙasa kuma ya sanya hannu. Wannan ta ƙarshe ce kaɗai ke ba da izinin taɓa kuɗi, kuma bambancin da ke tsakaninta da ƙudiri ba ƙarami ba ne. A ranar 18 ga Disamban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya gabatar da kasafin 2025 na naira tiriliyan 49.7, a watan Fabrairu ya rubuta wa majalisa ya nemi a ɗaga shi zuwa tiriliyan 54.2, abin da ya sanya wa hannu a ranar 28 ga Fabrairun 2025 kuwa tiriliyan 54.99 ne. Haka na 2024 ya shiga majalisa yana tiriliyan 27.5, ya fito yana tiriliyan 28.7, sannan a tsakiyar shekara aka yi masa ƙarin tiriliyan 6.2. Saboda haka idan wani ya ce maka "yana cikin kasafi", tambayar farko ita ce wanne daga ciki, kuma ko an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi bayansa.

Dukkan waɗannan takardu Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana ɗora su a shafinsa na intanet kyauta. Da Turanci suke, kuma kundin da ke ɗauke da bayanin ayyuka ɗaya bayan ɗaya ya haura shafi dubu, don haka ya fi kyau ka sauke shi sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, ka ajiye a waya ko kwamfuta, ka riƙa amfani da akwatin bincike na manhajar da ke buɗe shi. Ka haɗa da jawabin da ministan kasafi yake yi wa jama'a na fayyace kasafin, domin a cikinsa ake samun taƙaitattun jadawalin kuɗin shiga da na kashewa a shafuka kaɗan.

Ginshiƙan da aka ɗora kasafin a kai

Kafin ka kalli ko naira ɗaya ta kashewa, nemi lambobi uku da kasafin ya jingina da su: farashin gangar ɗanyen mai, yawan gangunan da ake sa ran haƙowa a kullum, da farashin dala. A kasafin 2024 an ɗauki dala 77.96 kowace ganga, ganga miliyan 1.78 a rana, da naira 800 kan dala ɗaya. A na 2025 an ɗauki dala 75, ganga miliyan 2.06, da naira 1,500. Ka rubuta waɗannan a gefen takarda, sannan ka gwada su da abin da kake ji a labarai a tsawon shekara. Hukumar da ke kula da haƙar mai, NUPRC, tana fitar da alƙaluman haƙowa duk wata, kuma a cikin waɗannan shekaru biyu abin da aka haƙo bai kai abin da aka rubuta ba. A 2025 ma farashin gangar ya sauko ƙasa da dala 70 na tsawon watanni.

Lissafin abin da wannan ke nufi ba shi da wuya. A ce an rubuta ganga miliyan 2.06 amma aka haƙo miliyan 1.6, an samu giɓin ganga 460,000 ke nan a rana. Idan ka ninka da dala 75 za ka samu dala miliyan 34.5 na man da aka yi lissafi da shi amma bai fito daga ƙasa ba, a kowace rana ta Allah. Ba duk wannan kuɗin ne na gwamnati ba, tunda kamfanonin da ke haƙowa suna da kasonsu kuma akwai kuɗin aiki, amma ya isa ya nuna maka cewa kasafin da aka gina kan ganguna masu yawa tun daga tushe yake da rauni. Farashin dala kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Idan naira ta faɗi fiye da yadda aka rubuta, kuɗin mai da aka canza zuwa naira sukan yi yawa a takarda, amma bashin da ake biya da dala da kayan aikin da ɗan kwangila zai shigo da su daga waje su ma sukan yi tsada.

Inda kuɗin suke fitowa, da matsayin kwastam a ciki

Mataki na uku shi ne wanda ya fi buƙatar haƙuri, kuma a ganina shi ne zuciyar karatun. Kuɗin shigar Najeriya suna fitowa ta manyan ƙofofi huɗu: kuɗin mai da iskar gas; harajin cikin gida, kamar harajin kamfanoni da na VAT da ake ɗorawa a kan sayen kaya, wanda hukumar FIRS ta daɗe tana karɓa, wadda sababbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 suka sauya wa suna zuwa NRS; kuɗin fito da hukumar kwastam ke karɓa a tashoshin jiragen ruwa, filayen jiragen sama da kan iyakoki; sai kuɗin da hukumomi da kamfanonin gwamnati ke samu da kansu su miƙa wa baitulmali.

Kuskuren da mutane da yawa ke yi, har da wasu masu sharhi a rediyo, shi ne ɗaukar duk abin da waɗannan hukumomi suka tara a matsayin kuɗin gwamnatin tarayya. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya ce yawancin waɗannan kuɗaɗe asusun tarayya za su shiga, wanda mallakar matakan gwamnati uku ne, kuma kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, yake zama duk wata ya raba. Bayan an cire kuɗin aikin hukumomin da suka tara, an kuma cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo a cikinsu, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Ko a cikin kason tarayyar ma akwai 'yan gutsattsarin da aka keɓe wa Abuja, da asusun kare muhalli, da makamantansu, ta yadda abin da ke shiga babban asusun gwamnati kashi 48.5 ne. VAT da nasa rabon daban: an daɗe ana ba tarayya kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35, sabuwar dokar haraji kuma ta rage na tarayya zuwa 10 ta ƙara na jihohi zuwa 55. Don haka a jadawalin kuɗin shiga ka nemi layin da ke nuna kason gwamnatin tarayya, shi ne wanda kasafin ke tsaye a kai.

Yanzu ka tsaya a kan kwastam, domin nan ne kasafin ya fi taɓa ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari kai tsaye. Kuɗin fito ana lissafa shi ne a kan darajar kaya haɗe da kuɗin inshora da na dako har zuwa tashar da suka sauka, kuma Najeriya tana bin jadawalin haraji na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS mai hawa biyar: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35. Kayan da ake ɗauka na larura da injinan masana'antu suna ƙasa, kayan da aka gama sarrafawa suna sama, wasu kuma ana ɗora musu ƙarin haraji na musamman don kare masu yin irinsu a gida. A kan wannan kwastam take karɓar VAT na kashi 7.5 na kayan da aka shigo da su, kuma ita ce ke karɓar harajin wasu kayan da ake sarrafawa a cikin gida, irin su taba da giya da lemon zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa naira 10 a kowace lita.

Hukumar ta sanar da cewa ta tara naira tiriliyan 3.2 a 2023, sannan tiriliyan 6.1 a 2024. Wanda ya ji haka zai zaci kayan da ke shigowa ƙasar sun ninka, ko an toshe fasa-ƙwauri gaba ɗaya. Kafin ka yarda da hakan, yi wannan ɗan lissafi. Ɗauki kwantena guda ta kayan da darajarsu ta kai dala 10,000, wadda harajinta kashi 20 ne. A farkon Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, darajar kayan naira miliyan 4.6 ce, kuɗin fitonta naira 920,000. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, idan dala ta zama naira 1,500, darajar kayan nan dai ta koma naira miliyan 15, kuɗin fito kuma naira miliyan 3. Kwantenar ba ta ƙara ko yadi ɗaya ba, amma abin da ta biya ya ninka fiye da sau uku, kuma mai kayan ba daga aljihunsa zai cike ba, a kan farashin atamfa da shadda zai ɗora. Wannan ba ya nufin hukumar ba ta yi ƙoƙari ba, sai dai yana nufin cewa duk inda ka ga kuɗin shiga sun yi tsalle a naira, sai ka tambayi nawa ne na ƙarin aiki, nawa ne kuma na faɗuwar naira.

Akwai abubuwa biyu kuma da ke rage kuɗin kwastam waɗanda ya kamata ka sa ido a kansu a cikin shekara. Na ɗaya rangwame ne da yafe haraji, kamar wanda gwamnati ta sanar a Yulin 2024 na dakatar da kuɗin fito na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Duk irin wannan yafiya kuɗi ne da aka bari, ko da dalilinta mai kyau ne, kuma takardar MTEF takan ware sashe kan abin da yafe haraji ke ci. Na biyu rufe iyaka ne. Mutanen Jibiya, Illela, Maigatari da Kamba sun ga yadda hada-hada ta tsaya daga Agustan 2019, har aka buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, Jibiya da Kamba kuma sai a Afrilun 2022, suka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma kayan da ba su bi ta ƙofa ba, ba sa barin komai a asusun kowa sai na masu bi ta daji. Idan shugaban ƙasa ya nemi a ƙara girman kasafi bisa hujjar cewa kwastam da hukumar haraji za su kawo ƙari, kamar yadda ya faru a Fabrairun 2025, to waɗannan su ne ma'aunan da za ka auna hujjar da su.

Giɓi da bashi

Da ka samu kason tarayya, ka haɗa shi da sauran kuɗin da gwamnatin tarayya ke samu ita kaɗai, sai ka cire su daga jimillar abin da za a kashe. Abin da ya rage shi ne giɓin kasafi. A 2025 giɓin ya kai wajen naira tiriliyan 13. Dokar 2007 da aka ambata ta ce kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai idan akwai babbar barazana ga tsaron ƙasa, kuma jadawalin yakan nuna ko an tsaya a iyakar ko an ƙetare. A ƙasan wannan layi za ka ga yadda za a cike giɓin: rance daga cikin gida ta hanyar takardun lamuni da Ofishin Kula da Basussuka ke sayarwa, rance daga waje, rancen da aka ɗaure da wani aiki na musamman daga irin su Bankin Duniya, da sayar da kadarori. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga alluna masu ɗauke da sunan Sukuk a bakin titi ya ga irin rancen da aka ɗaure da aiki. Tun 2017 gwamnati take karɓar kuɗi ta wannan hanya don tituna, kuma irin waɗannan ayyuka sun fi samun kuɗinsu a kan kari saboda ba a iya karkatar da su cikin sauƙi.

Rabon kashewa gida huɗu

Sai yanzu ne za ka juya ɓangaren kashewa. Shafin farko na dokar kasafi yana raba jimillar gida huɗu, kuma a 2025 rabon ya kasance kamar haka: naira tiriliyan 3.6 na kuɗaɗen da doka ta wajabta a miƙa kai tsaye, tiriliyan 14.3 na biyan bashi, tiriliyan 13.06 na albashi da ayyukan yau da kullum, da tiriliyan 23.96 na manyan ayyuka. Gida na farko ya ƙunshi kason majalisar dokoki, ɓangaren shari'a, hukumar zaɓe, hukumomin raya yankuna, da kashi 2 cikin ɗari na babban asusun gwamnati da ake ware wa ilimin bai ɗaya, da kashi 1 da ake ware wa asusun kiwon lafiya a matakin farko.

Abin lura a nan shi ne jerin da ake bi wajen biya idan kuɗi suka gaza. Bashi ba ya jira, domin ƙasar da ta kasa biyan masu binta ba za ta sake samun rance da sauƙi ba. Albashi ma ba ya jira, saboda ƙungiyoyin ƙwadago suna nan. Kuɗaɗen da doka ta wajabta ana cire su tun daga sama. Abin da ke shan wuya shi ne gida na huɗu, wanda shi ne ya fi girma a takarda kuma shi ne ke ɗauke da titi da asibiti da rijiyar burtsatse. Ka gwada kuɗin biyan bashi da kuɗin shiga maimakon jimillar kasafi: tiriliyan 14.3 a kan kuɗin shigar da aka yi hasashe na tiriliyan 41 da ɗoriya ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma idan kuɗin shigar suka gaza hasashe, kason bashin yakan ƙaru, na manyan ayyuka ya tsuke. Wannan ne ya sa aka tsawaita wa'adin aiwatar da manyan ayyukan kasafin 2024 zuwa ƙarshen Yunin 2025, daga baya aka sake kai shi ƙarshen Disamba, aka wayi gari ana tafiyar da kasafi fiye da ɗaya a lokaci guda.

Nemo layin garinku

Buɗe babban kundin ayyuka ka rubuta sunan ƙaramar hukumarku a akwatin bincike, sannan sunan gari, sannan sunan mazaɓar ɗan majalisar wakilai da ta sanata. Ka gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban, domin masu buga kundin sukan rubuta sunayen garuruwanmu yadda suka ga dama, babu ƙugiyar ƙ ko ɗ, wani lokaci a haɗe wani lokaci a rabe, wani lokaci da harafi ɗaya a juye.

Kowace ma'aikata ko hukuma tana da shafinta, kuma lambobin da ke gefen hagu suna gaya maka irin kuɗin: wanda ya fara da 21 na albashi ne, 22 na hidimar yau da kullum, 23 na manyan ayyuka. A ƙarƙashinsu ne jerin ayyuka yake, kowanne da lambarsa da ta fara da haruffan ERGP, da bayanin aikin, da kalmar NEW idan sabo ne ko ONGOING idan ci gaba ne, sai adadin kuɗi a ƙarshen layi. Ka kwafe abubuwa biyar a littafinka: lambar aikin, bayaninsa harafi da harafi, hukumar da aka ajiye shi a ƙarƙashinta, adadin kuɗin, da lambar shafi. Sunan hukumar ya fi komai muhimmanci, saboda aiki ba lallai ne ya zauna inda hankali zai kai shi ba. Rijiyoyin burtsatse da ƙananan madatsun ruwa na Kano da Jigawa sau da yawa suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, na Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina kuma ƙarƙashin ta Sakkwato da Rima, wannan kuwa daidai ne. Amma za ka iya tarar da fitilun titi masu amfani da hasken rana a ƙarƙashin wata kwalejin noma da ke wata jiha mai nisa, ko ginin ajujuwa a ƙarƙashin cibiyar bincike da ba ruwanta da makarantu. Yawancin irin waɗannan a majalisa ake shigar da su, kuma su ne jama'a ke kira cushe. Ayyukan mazaɓu na naira biliyan 100 da aka daɗe ana ware wa 'yan majalisa duk shekara suna da nasu kundin daban, shi ma ka nema.

Ka karanta bayanin aikin da idon mai sayen fili. Layin da ya ce a gina ajujuwa uku a makarantar firamare kaza a gari kaza ana iya zuwa a ƙirga. Layin da ya ce tallafa wa matasa da mata a wasu zaɓaɓɓun yankuna na shiyyar Arewa maso Yamma, ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba, kuma ni ina ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin alamar da ke neman a ƙara sa ido. Sannan ka buɗe kundin bara da na bara waccan ka nemi lambar aikin. Na taɓa zama da wasu matasan unguwarmu muna bin wata rijiyar burtsatse da aka fara aka bari, tankin yana kwance a ƙasa akuyoyi suna shan inuwarsa, muka tarar da ita a kundi uku a jere, kowace shekara da kuɗinta, kowace shekara an rubuta mata ONGOING. Hakan shi kaɗai bai tabbatar da an ci kuɗi ba, domin mai yiwuwa ba a taɓa sakin kuɗin ba, kuma bambance waɗannan biyun shi ne aikin mataki na gaba.

Daga rubutu zuwa sakin kuɗi

Tsakanin layin kasafi da tubalin farko akwai ƙofofi da dama. Hukumar za ta tallata kwangilar kamar yadda dokar bayar da kwangila ta 2007 ta tanada, a jaridu da mujallar kwangilolin tarayya. Za a tantance 'yan kwangila a ba wanda ya ci. Ma'aikatar kuɗi za ta ba da izinin kashewa. Ofishin Akanta Janar kuma ya saki kuɗin a zahiri. Aiki na iya maƙalewa a kowace ɗaya daga cikinsu. Don sanin inda naku ya tsaya, fara da rahoton aiwatar da kasafi da Ofishin Kasafi yake fitarwa na kowane wata uku, wanda ke nuna abin da aka tara da abin da aka saki idan aka gwada da hasashe, duk da cewa yakan makara. Sai shafin baitulmali na bayyane da aka buɗe a Disamban 2019, inda ake ɗora manyan kuɗaɗen da hukumomi suka biya tare da sunan wanda aka biya da dalilin biyan. Ƙungiyar BudgIT tana tattara waɗannan bayanai ta sauƙaƙa bincikensu, kuma shirinta na Tracka yana bin ayyuka a garuruwa.

Idan duk wannan bai ba ka amsa ba, rubuta wasiƙa ga shugaban hukumar bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar ba ta buƙaci ka faɗi dalilin tambayarka ba, kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, tare da damar ƙarin wasu 7 a wasu yanayi. Idan ta ƙi, kana da ikon zuwa kotu. Wasiƙar ta zama gajera, ta ambaci lambar aikin da shekarar kasafin, ta nemi abubuwa ƙayyadaddu: sunan kamfanin da aka ba, kuɗin kwangilar, ranar da aka bayar, nawa aka biya zuwa yau, da takardar da ke fayyace ƙayyadaddun aikin, wato zurfin rijiya ko yawan ajujuwa ko tsawon titi. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ka dawo da shi, domin daga wannan rana ake fara ƙirga kwanakin. Wasiƙar da ta fito da sunan ƙungiyar ci gaban gari, da sa hannun mai unguwa ko dagaci da wasu dattawa, ta fi ta mutum ɗaya nauyi a kan teburin jami'i.

Da amsar a hannu sai ku je wurin aikin da kanku, ku ɗauki hoton allon kwangila idan akwai, ku ƙirga abin da ake iya ƙirgawa, ku gwada da takardar. Idan ya bayyana ba a saki kuɗi ba, maganar ta ɗan majalisarku ce da hukumar, kuma lokacin da ya fi dacewa a matsa musu shi ne kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, lokacin da kwamitoci ke zaman kare kasafi, don kada aikin ya faɗo daga kundi. Idan kuwa an biya kuɗi amma babu aiki ko an yi shi rabi da rabi, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana da shirin bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019 kuma tana karɓar ƙorafi a rubuce, sai ku haɗa mata kwafin shafin kasafin, amsar hukumar da hotunan da kuka ɗauka masu kwanan wata. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda ake miƙa wa kwamitocin majalisa masu bin kadin kuɗin jama'a, shi ma yakan ambaci ayyukan da aka biya ba a yi ba, sai dai yakan zo bayan shekaru.

Wannan hanya ɗaya ce da ta kasafin jiha, illa dai a can gwamna ne ke gabatarwa ga majalisar jiha bisa sashe na 121, kuma ginshiƙan da za ka fara dubawa su ne kason da jihar ke sa ran samu daga Abuja, da harajin da take tarawa a cikin gida, da abin da ta rubuta a matsayin rance da tallafin ƙungiyoyin waje, wanda a nan ne aka fi kumbura lambobi. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci da magudanun ruwa na cikin gari yawanci a kundin jiha da na ƙaramar hukuma suke, don haka idan ka nemi aikin unguwarku a kundin tarayya ba ka gani ba, sauke na jiharku daga shafin ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, ka haɗa da jadawalin rabon wata-wata da ofishin Akanta Janar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa, wanda ke nuna abin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta.